Yadda jakar shuni ta ɓata mini takalma arba'in

Har yanzu in na ga baƙin yadi mai sheƙi sai gabana ya faɗi.

Shagon takalma da jakunkunan fata gare ni a Kano, dukawa uku ke yi mini ɗinki. Tun da Legas ta hana kwanon soso na zuba abinci a farkon 2024, masu sarin kayana daga can suka fara tambaya ko ba ni da abin sa kaya ban da leda. Ni ma dama na gaji da ganin yadda leda ke toshe mana kwatoci duk damina. Sai na ce bari in gyara sana'ar gaba ɗaya. Na bar fatar kamfani wadda ake jemewa da sinadarin kurom, na koma ta majeman gargajiya, ta bagaruwa. Guntattakin da muke sharewa kuma muka mai da su maƙalin makulli. Duk wannan lafiya lau.

Jakar ce ta kashe ni. Na so kowane takalmi ya fita cikin 'yar jakar yadi da aka rina da baba, irin rinin da baƙi ke zuwa kallo a Ƙofar Mata. Na je wajen wani marini, idona ya faɗa kan bugagge, wanda mabuga suka daka masa shuni har yana ɗaukar ido. Mutumin nan ya gaya mini gaskiya: "Alhaji, a wanke shi tukuna, yana zuba." Na ce wanki ai zai kashe sheƙin, kuma sheƙin nake saye. Ni da na taso ina ganin yadda turkuɗi ke rina fuskar Buzaye!

A watan Agusta na cika kwali da takalma arba'in na fata mai haske, kowanne cikin jakarsa, na ɗora a motar Legas. Kwana huɗu sai ga waya: "Alhaji, wannan sabon yayi ne, rabi fari rabi shuɗi?" Laima ta shiga kwalin, shunin ya saki, ita kuwa fatar bagaruwa ba ta da wannan rufin roba da ake shafa wa ta kamfani, duk abin da ya taɓa ta sai ta shanye. Da tsohuwar fatata ce, tsumma kawai za a sa a goge. Wato gyare-gyaren nawa biyu ne suka haɗu suka cuce ni.

Na biya kuɗin motar dawowa. Na gwada lemon tsami, tabon ya ƙara faɗi. Daga ƙarshe baƙi muka rina su duka, na kai Ƙofar Wambai na sayar rabin kuɗi.

Ban koma leda ba. Yanzu sau uku ake wanke yadin, sannan in goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In ya kama ko kaɗan, ya koma ruwa. Nakan kuma jefa guntun fata cikin jaka ɗaya in ajiye kusa da randa har mako guda kafin a ɗinka sauran. Takalmin kansa sai an naɗe shi da takarda. Jakar ta dushe, ba ta sheƙi, kuma ba wanda ya taɓa tambayata sheƙi.

Babban badukuna dai bai bar maganar ba. Duk sanda na kawo sabuwar dabara sai ya ce, "To Alhaji, an wanke ta?"