Kafin ki kwashi kuɗin adashi ki sayi dilar jins

Ɗiyar yayana ce ta faɗo shagona nan unguwar Nima a Accra ta Ghana da waya a hannu, ko sallamar kirki babu, wai Anti kalli wannan. Wata baturiya ce a TikTok ta yanka tsohon wandon jins, kafin ka ce kwabo ya zama jaka, an sa kiɗa ana ta yabo. Wai ita ma sana'ar da za ta fara kenan, adashinta ya kusa fitowa, za ta je Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, ta sayi dila guda ta jins, ta gyara muhalli kuma ta yi kuɗi. Dila guda fa! Yarinyar da har yau in ta sa zif sai na farke na sake.

Ban yi mata faɗa ba don bakina ya mutu, ni ce na fara yin wannan wautar tun tana firamare.

Lokacin na gama koyon ɗinki wajen madam ɗina, ina da keken Butterfly na ƙafa da girman kai. Na ga wata jakar jins a wani shago a Osu da kuɗin da aka rubuta a jikinta, na ce ashe haka ake tsintar kuɗi muna nan muna fama da ɗinkin kaba da silit, riga da siket na matan Ghana. Na kwashi adashina kaf na tafi Kantamanto da asuba. Wanda bai sani ba, dila a ɗaure take zuwa, ba a buɗe maka ka duba, kilo 55 ce, ka biya tukun sannan ka ga rabonka. Wata yarinya kayayo, wato mai dakon kaya, 'yar arewa ta ɗauko min ita a ka har bakin mota, wuyanta na rawa, ni kuwa ina ta lissafin riba, har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Da na yanke igiyar a gida sai na ga yawancinsu irin masu roba ne, matsattsun nan na mata da suke miƙewa in an ja. Wannan ba ya jaka. Ka ɗinka shi a miƙe ya karkace, ka saka abu mai nauyi a ciki ya zazzago ya zama kamar safa. Na kirkin, mai kauri na auduga zalla, 'yan kaɗan ne, su ma gwiwa da tsakanin cinya duk sun cinye. Mai hankali a nan zai tsaya ya ware masu kyan ya sayar da su a wandunansu ya maida wani abu daga jarinsa. Ni almakashi na ɗauka na bi su duka na daddatsa, wai ina shirya aiki. Wandon da ka yanka kuwa ya tashi daga kaya ya koma tsumma, ba mai sayensa.

Amma a yi min adalci, wa zai gaya min? Madam ɗina ba ta taɓa ɗinka jins ba, kuma lokacin ba kowa ke da intanet a waya ba. Tunanin ma ai ba banza ba ne, yanzu ga matasa nan a cikin Kantamanto ɗin suna maida tsofaffin kaya sababbi suna ci da shi, ni dai na riga lokaci ne. Ko da yake in zan faɗi gaskiya mahaifiyata ta ce in fara da wando biyar in gani, na ce mata ita ba ta san bizines ba.

Allura kuwa na karya ta ba adadi, don da ta atamfa nake ɗinki, in ta hau mahaɗar ɗinki inda yadi ya ninku sai ka ji ƙas. Jakunkunan da na samu na gama ban wanke yadin ba kafin ɗinki, wata Hajiya ta rataya ɗaya ta je suna da farin leshi, shuɗin ya zuba mata a gefe. Ba ta zage ni ba, ta aiko min da jakar da leshin kawai, wallahi gara ta zage ni.

Sauran tsumman na cusa a buhuna bayan ɗaki, damina ta zo, kun san Nima da ruwa, suka jiƙe suka yi funfuna suna wari. Ƙarshenta na ba masu kwasar bola, kuma ban tambaye su inda za su kai ba don na sani. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa Kantamanto duk mako, wajen kashi 40 cikin 100 kuma a shara suke ƙarewa. Ku je bakin tafkin Korle ko bakin teku a Jamestown ku ga yadda tufafi suka nannaɗe cikin yashi. Ni da na fito gyaran muhalli, nawa buhunan na ciki.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, amma ku yaran yanzu wa zai karanta goma, bidiyon minti ɗaya ma sai kun tura shi gaba.

Kar ki sayi dila. Masu shekara ashirin a kasuwar ma caca suke yi da ita, ga gobarar farkon Janairun 2025 da ta cinye yawancin kasuwar ta bar mutane da bashi, su da suka san kan abin kenan. Ki je da yamma wajen masu sayarwa ɗai-ɗai, ragowar da aka gama zaɓe suna neman rabuwa da ita, ki ja yadin da hannunki, in ya miƙe ki ajiye. Kafin ma ki je, wandunan yayyenki da suka daina sawa fa? Kyauta ne.

Ki wanke, ki sake wankewa har ruwan ya daina shuɗi. Allura lamba 16 ko 18, zare mai ƙarfi, ki buɗe tazarar ɗinkin, inda ya yi kauri ki ɗora a kan katako ki bubbuga da guduma kafin ki hau. Ƙananan ƙarafan bakin aljihu ki cire su ko ki kauce musu. Bayan ƙafar wando ya fi gaba ƙwari, aljihun baya kuma kar ki yar, shi ne adon jakar. Kuma wando ɗaya za ki yanka, sai kin gama da shi ki taɓa na biyu.

Maganar muhalli kuma ki rage ta a bakinki. Ba matar da za ta zo daga Mamobi ta ba ki kuɗinta na sidi don kin ceci teku, za ta juya cikin jakar ne ta duba shafi, ta ja hannun ta ga ko zai tsinke. Ku kuwa kun buɗe shafi a Instagram, kun zaɓi suna da tambari, ɗinki ɗaya miƙaƙƙe ba ku iya ba.

Na ce kar ki sayi dila, amma kuma tsoron asara kar ya zaunar da ke, ni duk abin da na iya a jins a kan wannan dilar na koye shi, wanda bai ɓata yadi ba ai bai zama tela ba. To ki ɓata, amma na sidi kaɗan, ba adashin shekara ba. In kuma kin ƙi ji sai kin saya, ki sayar da masu kyan a wandunansu tun ranar, kuma ki sallami kayayon da ta ɗauko miki da kyau, ban da ciniki.