Famfon da ya sa na ce wa ƙanena ya shiga fili

Jiya ƙanena da ya gama karatun injiniyan kanikanci a ABU Zariya ya kira ni, wai Yaya in karɓi aikin zane a kwamfuta cikin ofis ko in shiga fili wajen kula da injuna a matatar mai? Wallahi nan take na tuna shekarata ta farko a aiki.

Akwai wani famfo mai tura mai mai zafi da ya yi ta ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, muka canja boris har sau biyu, muka sake daidaita shi da injin da ke juya shi, sil ɗin da ke hana mai tsiyaya kuma kullum yoyo, har wani dattijon makaniki, Allah ya saka masa da alheri, ya ce mu buɗe rariyar da ke tace mai a bakin shiga famfon. Ashe ta toshe da datti, matsin ya faɗi, man yana tafasa yana kumfa, kumfar tana fashewa a jikin farfelar da ke cikin famfon tana cinye ƙarfen. Kabiteshan ke nan, na rubuta shi a jarrabawa amma ranar na fara jin sa da kunnena.

Na ce masa ya fara da fili ko shekara uku ne, duk da zafi da aikin dare. Matatar Dangote a Lekki ganga 650,000 aka gina ta ta tace a rana, ta Zinder 20,000, kowace cike take da famfuna da kwamfireso (injunan matse iska ko gas) masu neman wanda ya san kukansu.

Ya ce sai ya yi shawara da Baba zuwa Juma'a. Ku taya shi da addu'a don Allah.