Giɓi biyun da suka yaudare ni

Ranar Asabar na miƙa makullin shagon da na yi shekara huɗu ina gyaran kwamfuta a cikinsa, nan kusa da Taminus a Jos. Mun rabu lafiya da kowa, amma akwai aiki ɗaya da har yanzu yake ci mini rai.

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ce ta zo daga Unguwar Rogo da laftof da ta ƙi tashi, saura sati biyu ta miƙa furojet ɗinta. Allon ciki ya ƙone, sai na ciro ɗan SSD ɗinta, wato ma'ajiyar bayanan laftof ɗin, irin sirirint nan da ake kira M.2, tsawon yatsa. Na duba bakinsa, giɓi biyu. A shagonmu kuwa Oga ya kafa ƙa'ida: giɓi biyu SATA ne, giɓi ɗaya NVMe, wato hanyoyi biyu daban da SSD ke magana da kwamfuta. Na ɗauko adaftar da ke mai da M.2 zuwa SATA mai inci 2.5, ya shige kamar don shi aka yi ta, na ɗaure da sukuru, na jona. Shiru. BIOS, manhajar da ke fara tada kwamfuta, bai gan shi ba. Na canza waya, na canza kwamfuta, duk ɗaya. Oga ya leƙo ya ce, "Kai, wannan ya tafi, faɗa mata kawai." Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, sai ta damƙe gefen hijabinta ta ce, "Malam, ko babi ɗaya ba za a samu ba?"

Bayan wata guda ina share durowa na ci karo da shi, na karanta lambar da ke jikin takardarsa, na bincika. NVMe ne. Ashe akwai NVMe masu layi biyu na PCIe, hanyar da NVMe ke bi, da ke zuwa da giɓi biyu. Ita kuwa adaftar nan ba ta fassara komai: hanyoyin waya ne kawai da ɗan abin da ke rage wuta daga bolt 5 zuwa 3.3. Yaren SATA take ji, shi kuma da yaren PCIe yake magana. Na aro akwatin USB na NVMe a wurin maƙwabcinmu, cikin minti ɗaya komai ya fito, babi biyar cif. Da na kira ta, ta riga ta sake buga aikin daga takardun hannu, dare da rana.

Oga ya ce garajena ne, a gaban kwastomomi. Wannan akwatin kuwa sau biyu na roƙe shi ya saya, ya ce adaftocin da ya saro masu araha sun isa. Na ɗauki nawa laifin, don ni ne ban karanta lamba ba. Nasa har na tafi bai ambata ba.

Sauran darussan ba su yi zafi haka ba. Ramin mSATA, wani tsohon nau'in ƙaramin SSD, da na tsohon katin Wi-Fi kamarsu ɗaya, aikinsu daban. A duba tsawon M.2, 2242 ne (gajere) ko 2280 (dogo), kafin a biya kuɗi. Duk abin da ya bi ta SATA ba zai wuce wajen megabayit 550 a daƙiƙa ba, kada ka yi wa kwastoma alƙawarin gudun da babu. Wanda ya ƙi shiga kuma kada ka danna shi da ƙarfi.

Teburin da zan buɗe a kan titin Bauchi ko kujera ban saya masa ba tukuna, amma akwatin NVMe yana cikin jakata.