Daren da Muka Kashe 3G, da Wayar Baba Mai Gadi

Ƙarfe sha ɗaya ta gota, yanzu na samu na cire takalmin aiki. Idanuna kamar an watsa musu yashi, amma idan na kwanta ban rubuta wannan rana ba, jibi za a mayar da ita lamba guda a cikin rahoton mako, ni kuwa ba haka na gan ta ba.

Tun ƙarfe ɗaya na dare Talatar tawa ta fara. Irin wannan aiki ba a yarda mu taɓa shi da rana, sai sawu ya ɗauke, masu kira sun ragu. Abin da aka sa mu yi shi ne mu kashe 3G a tashoshi shida na wani yanki, mu ɗauke zangon megahaz 2100 da take zaune a kai mu ba 4G. Zango kamar fili yake, ba ya ƙaruwa. Lasisinsa kamfani ke saye a hannun hukuma, don haka duk sabon abin da za a gina, sai an tayar da wani tsoho. Kowace tashar 3G tana riƙe da megahaz 5 ga kowane layi nata, alhali masu hawa kanta sun zama 'yan tsiraru, 4G kuma tana numfashi da ƙyar saboda cunkoso. A lissafi, babu abin musu a nan.

Duk da haka, da na ɗora yatsa zan tura umarnin, sai na ɗan dakata. A kan 3G na koyi wannan sana'a. Tun 2001 aka fara ta a Japan, kuma ita ce ta fara nuna wa mutane da yawa cewa waya tana iya buɗe intanet. Yaron da ke koyon aiki a hannuna ya leƙo fuskar kwamfutar ya ce, "Oga, wani abu ne?" Na ce masa babu komai, na tura. Kafin ƙarfe uku da rabi duk tashoshin sun dawo, babu jar alama ko ɗaya a allon cibiya. Na kishingiɗa a mota na runtsa.

Da gari ya waye muka zagaya yankin da wayoyin gwaji. Alhamdu lillahi, abin ya yi kyau ƙwarai. A wata mararraba da na daɗe ina jin kunyarta, inda bidiyo ke tsayawa yana juyi duk safiya, yau ya tafi sumul. Yaron nan har tafi ya yi. Ni ma na ji daɗi har cikin raina, don wata huɗu muna shirin wannan dare.

Daga nan muka wuce ƙarfen sabis ɗin da za a ɗora wa eriyar 5G, kuma a can ne rana ta fara karkacewa.

Eriyar nan ba irin tsofaffin ba ce. Rediyonta da ita a haɗe suke cikin akwati guda, tana da hanyoyin aikawa 64 da na karɓa 64, ta yadda take iya tattara sigina ta nufi inda mai waya yake maimakon ta watsa ko'ina. Wannan baiwa tana da nauyi, nauyi na gaske wanda kafaɗa ke ji. Mun ɗaura igiya, mai hawanmu ya sa bel da hular kwano ya kai kusan rabin ƙarfen, sai iska ta taso. Ina kallon igiyar tana lilo, akwatin yana neman ya bugi ƙarfe. Na ɗaga rediyon hannu na ce masa, "Malam, sauko." Ya ce, "Injiniya, minti ashirin kawai ka ba ni." Na ce ya sauko. Yana da 'ya'ya, kuma babu jadawalin da ya kai ransa. Ya sauko yana ɓata rai, don shi ma a kan tashar da aka kammala ake lissafa masa aiki.

Ko da iskar ta bari, da wata matsalar a gaba. Wayar faiba da ya kamata ta haɗa wannan tasha da cibiya ta tsaya can nesa, ana jiran takardar izinin haƙa. A yanzu faranti ne ke ɗauke da tashar, irin wanda ke aika saƙo ta iska zuwa wani ƙarfen, kuma abin da yake iya ɗauka bai kai abin da eriyar za ta zubo masa ba. Layin 4G guda iyakarsa faɗin megahaz 20, na 5G a zangon megahaz 3500 yana kaiwa 100. Ka buɗe ƙofa mai wannan faɗi, bayanta kuma lungu ne. Waya za ta nuna 5G a saman fuskarta, mai ita ya yi murna, ya danna, ya ga babu bambanci da jiya. Sannan akwai wuta. Sababbin na'urorin suna ci fiye da tsofaffin, batiran tashar kuwa an auna su ne da tsohon kaya. Na rubuta wannan a rahoto sau biyu.

Mutane ba su cika sanin cewa 5G ɗin da muke ɗorawa yanzu a kan 4G take jingine ba. Waya tana fara kama 4G, ita ce ke riƙe da ragamar, sannan a ƙara mata 5G don data ta yi gudu. Haka akasarin kamfanonin duniya suka fara, har da Koriya ta Kudu da ta buɗe tata a watan Afrilun 2019. Ma'ana, idan 4G ta wuri ba ta da lafiya, duk abin da ka ɗora a kai ado ne. Kuma zangon 3500 ba ya tafiya nesa, ba ya ratsa bango kamar na 800 ko 900. Tsawon igiyar siginarsa, wato nisan da ke tsakanin kaɗawa ɗaya da ta gaba, bai kai santimita 9 ba, na 800 kuwa ya haura 35. Shi ya sa mutum zai ga 5G a ƙofar gida, ya shiga ɗaki ta ɓace.

Muna naɗe igiya sai mai gadin tashar ya matso. Dattijo ne, na sha ganinsa, kullum shi ke buɗe mana ƙofa. Ya tsaya gefe har na gama magana, sannan ya ce, "Ɗana, in ba za ka damu ba, duba mini wayar nan. Tun safe nake neman 'yata, kira ba ya fita."

Na karɓa da hannu biyu. Sabis cike, 4G ɓaro-ɓaro a sama. Na danna kira. Alamar 4G ta ɓace, wayar ta yi shiru kamar tana tunani, can sai kiran ya yanke da kansa. Na sake, haka. A karo na uku ya shiga bayan dogon jira. Na ce, "Baba, jiya ma haka ta yi?" Ya ce, "Jiya lafiya lau. Ko kuɗina ne suka ƙare?" Na tambaye shi inda yake kwana, ya faɗa. Gabana ya faɗi, don wurin yana ƙarƙashin tashoshin da na taɓa da dare, wannan ƙarfen da muke tsaye a gindinsa ma yana cikin shidan.

Ga abin da ke faruwa. Ita 4G, tun da aka fara ta a Stockholm da Oslo a watan Disambar 2009, data kawai aka gina ta ta ɗauka. Ba ta da tsohuwar hanyar murya. Daga baya aka kawo VoLTE, wadda ke mayar da murya ta zama data ta bi ta cikin 4G. Amma ba kowace waya ke da ita ba, wata kuma tana da ita amma ba a daidaita ta da layin kamfanin ba. Irin waɗannan wayoyi, da zarar an danna kira, tasha ce ke ce musu su sauka zuwa 3G ko 2G su yi maganarsu, in sun gama su dawo. Wayar Baba tana cikinsu. Wayoyin gwajinmu kuwa duk sababbi ne, duk suna da VoLTE. Mun zagaya da safe muna murna, ba mu gwada ko guda irin ta talaka ba. Wannan gibi nawa ne, ni ne na sa hannu a kan jerin gwajin.

Ba sabon abu ba ne a duniya, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don na sani. A Amurka AT&T ta kashe 3G a Fabrairun 2022, Verizon kuma a ƙarshen 2022, bayan an daɗe ana gargaɗin masu tsofaffin na'urori. A Ostareliya sai da Telstra da Optus suka ɗage ranar kashewa zuwa 28 ga Oktoban 2024, saboda an gano akwai wayoyi masu 4G da ke dogara da 3G wajen kiran lambar gaggawa ta 000. Waya ce da ke aiki lafiya kullum, sai ranar da gobara ta tashi ta ƙi. Na karanta wannan tun lokacin, har na yi wa abokan aiki bayaninsa. Yau ga ɗan'uwansa a tafin hannuna.

Ƙarfe biyu aka yi taron waya na ci gaban aiki. Shugabanmu ya fara da yabo: tashoshi shida sun koma, babu ƙararrawa, gudun data ya ƙaru. Sannan ya tambayi dalilin da ya sa eriyar 5G ba ta hau ba, alhali an riga an sa yankin a taswirar da za a nuna wa jama'a ƙarshen wata. Na faɗi iska, na faɗi faiba, na faɗi batir. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Masu wayoyin da ba su da VoLTE ba sa samun kira yadda ya kamata a inda muka yi aiki jiya." Ya ce allon bai nuna ba. Na ce allon yana ƙirga kiran da ya shiga ya yanke, wanda ya mutu a hanya tsakanin 4G da ƙasa yana wani shafi da ba a buɗewa a wannan taro. Aka yi shiru. Ba mugun mutum ba ne, shi ma akwai wanda ke tsaye a kansa da kalanda. Ya ce in bincika, ya ba ni izinin gyara ba tare da jiran dare ba idan abin ya tabbata. Na gode masa a kan wannan.

Ban yarda da yadda muke auna ci gaba ba, kuma na daɗe ban yarda ba. Muna ƙirga ƙarfe nawa aka ɗora wa sabon kaya, muna zana taswira mai launi. Amma wanda ya sayi layi murya yake so ta isa, saƙo yake so ya tafi. Masu sababbin wayoyi su ne ke fara cin moriyar duk wani gyara, su ne kuma masu bakin yin ƙorafi a intanet idan abu ya lalace. Mai tsohuwar waya ba ya ƙorafi. Zai ɗauka kuɗinsa ne suka ƙare, ko wayarsa ce ta tsufa, ya yi shiru. Da Baba bai san fuskata ba, da wa zai gaya wa?

Na koma ofis na buɗe saitin tashoshin ɗaya bayan ɗaya, yaron yana gefe yana karanto mini. A ta farko komai daidai. A ta biyu muka gan shi. Umarnin da ke gaya wa waya inda za ta sauka idan za ta yi kira har yanzu yana nuna zangon 3G, wanda muka kashe da hannunmu. Tasha tana tura waya gidan da aka rushe. Wayar ta je ta yi ta lalube, in ta yi sa'a ta faɗa 2G da kanta kafin lokaci ya ƙure, in ba ta yi ba kiran ya mutu. Tashoshi huɗu cikin shidan haka suke. Layi ɗaya ne a cikin fayil mai ɗaruruwan layuka, an kwafo shi daga tsohon tsari ba a sauya ba.

Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Na mayar da saukar zuwa 2G a zangon 900, na duba cewa 2G ɗin tana da isassun layukan da za su ɗauki ƙarin masu kira, don kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago. A tashoshi biyu ta yi ƙanƙanta, na rubuta buƙatar a ƙara. Sannan na aika wa duk rukunonin da za su yi irin wannan aiki a makon nan cewa su duba wannan layi kafin su kashe komai, kuma kowace motar gwaji ta ɗauki waya ɗaya marar VoLTE. Na ciro wata tsohuwa daga durowa na manna mata takarda na sa a jakata.

Yaron ya tambaye ni a hanya, "Oga, to me ya sa ba a kashe 2G ba, tunda ta fi tsufa?" Tambaya ce mai kyau. Na ce masa 2G tun 1991 take, amma a ƙasashe da dama ita ake bari a baya, saboda ba ta cin zango sosai, layinta kilohaz 200 ne kacal, kuma ƙananan wayoyi da mitoci da na'urorin bin sawun mota da yawa a kanta suke rayuwa. Ya rubuta a littafinsa. Ina son yaron nan, yana tambaya.

Bayan faɗuwar rana na biya ta tashar, ko da yake ba hanyata ba ce. Baba yana zaune a bakin ƙofa. Na ce, "Baba, a sake gwadawa." Ya laluba lambar a hankali, ya kara a kunne. Ina kallon fuskar wayar ta gefe: 4G ta sauka, 2G ta hau, sai ƙara. Bugu biyu aka ɗauka. Ya ce, "Ke, ina kika shiga tun safe?" Na ja da baya na ba shi wuri.

Da ya gama ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa na gaya masa gaskiya, cewa aikinmu ne ya jawo, ba wayarsa ba, ba kuɗinsa ba. Ya ce, "To ai kun gyara." Ban san mutum nawa suka danna kira yau tsakanin ƙarfe uku na dare da biyar na yamma suka ajiye waya ba. Gobe zan buɗe wancan shafin in ƙirga, in sa adadin a saman rahoto, kafin lambar tashoshi.

Eriyar tana nan kwance cikin akwatinta a gindin ƙarfe, an lulluɓe ta da tamfol. Masu hasashen yanayi sun ce iska za ta lafa da sassafe. Na gaya wa mai hawa ƙarfe shida, in Allah ya kai mu.