Kada ku tsallake cacar bakin Beatrice da Benedick

Ƙannena masu karatun adabin Turanci, in aka ba ku wasan Shakespeare mai suna Much Ado About Nothing, kada ku bi hanyar da na bi. Ɗan littafin taƙaitawa na saya na haddace labarin: Claudio na son Hero, 'yar Leonato gwamnan Messina a tsibirin Sisili, Don John, mugun ɗan'uwan yarima Don Pedro, ya ƙulla mata sharri, ango ya tozarta ta a coci ranar ɗaurin aure, aka ɓoye ta aka ce ta mutu, daga baya gaskiya ta yi halinta. Duk inda na iske Beatrice, 'yar'uwar Hero, da Benedick, abokin Claudio, suna jifar juna da baƙar magana sai in wuce, a zatona surutu ne. Ranar jarrabawa kuwa a kansu aka yi tambaya.

A 1600 aka fara buga wasan, Turancinsa ya tsufa, kuma barkwanci ba ya jin daɗi in ido kaɗai ke karanta shi. Ku sami abokin karatu, ɗaya ya ɗauki Beatrice ɗaya Benedick, ku karanta da murya. Nan za ku ji irin tsokanar taubasai ce: kowa ya san abin da ke ƙarƙashinta, su biyun ne kawai ke musu. Shi ya sa dabarar da Don Pedro ya ƙulla don haɗa su soyayya ta ci. Benedick na laɓe a lambu, aka yi ta faɗin cewa Beatrice na mutuwar sonsa don ya ji, ita ma aka yi mata haka. Bayan abin da ya faru a coci, da Benedick ya ce wa Beatrice ta nemi duk abin da take so, sai ta ce ya kashe Claudio, amininsa. Wanda bai bi zolayarsu tun farko ba, ba zai ji nauyin wannan buƙata ba.

Dogberry ma na raina shi, shugaban 'yan sintirin nan mai kwaɓa kalmomi. Alhali mutanensa ne suka kama Borachio, yaron Don John, yana fallasa makircin da bakinsa. Dogberry ya je wa Leonato da batun kafin a tafi coci, amma ya yi ta zagaye-zagaye har uban amarya ya ƙosa ya sallame shi.

Ku ware takarda guda ku riƙa rubuta wa ya laɓe, wa ya ji me, kuma gaskiya ya ji ko shiri aka yi masa. Fim ɗin wasan kuwa ku kalla, amma bayan kun karanta, don ana yanke wasu wurare.