Abin da ɓera da tantabara suka koya mini a aikin sola

Shekarata uku ke nan ina bin maigidana aikin haɗa sola a Katsina. Aikin da ya fi tsaya mini a rai na wani gida ne a wajen Ƙofar Ƙaura: faranti shida a kan kwano, inbata ɗaya (na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita), batir biyu masu ruwa.

Wata tara da gama aikin, mai gidan ya bugo waya da sassafe. "Malam, kayanku fa sun gaji, ko sha biyun dare ba sa kaiwa." Ni har na yanke wa batir hukunci, amma maigidana ya ce in ɗauki tsani, kada in taɓa komai a ƙasa sai na hau sama.

Wari ne ya fara tarbata. Muna barin tazara tsakanin faranti da kwano don iska ta riƙa ratsawa, saboda ƙarfin faranti yana raguwa da zarar zafinsa ya wuce digiri 25, ga shi a watan Afrilu zafin garin nan kan haura 40. To, wannan tazarar ce tantabaru suka mayar gidan gado. Sheƙa uku na ƙirga, ɗaya da ƙwai biyu. Gilashin kuwa duk kashi ya bushe a kai. Ƙananan gidajen da ke cikin faranti a jere suke kamar 'ya'yan carbi, in kashi ya rufe ɗaya sai ya riƙe na layinsa, har sulusin farantin ya daina ba da wuta, wurin kuma ya yi ta zafi ya bar tabon ƙuna. Ƙurar hunturu duk da yawanta ta fi sauƙi, tunda ita bai ɗaya take kwanciya.

Babbar ɓarnar tana cikin silin. Ɓera ya gaigaye robar waya har jan ƙarfen ya fito fili. Ba yunwa ba ce, haƙoransa na gaba ne ba sa daina tsiro, dole ya sami abin gogawa. Kuma wutar da ke saukowa daga faranti in ta fara tartsatsi ba ta saurin mutuwa kamar ta Nepa. Allah ne kawai ya kiyaye gobara. Ni na ja wayar nan. Fayif ya ƙare mini saura kamu kaɗan, magariba ta kawo jiki, na ce ai cikin silin ne, wa zai gani? Da na gaya wa maigidana, tambaya ɗaya ya yi mini: "Nawa ne kuɗin fayif ɗin?" Na faɗa. Bai ƙara cewa uffan ba, na gwammace ya zage ni.

Muna cikin gyara Alhaji mai gidan ya tsaya a gindin tsani. "Anya kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lita nawa janareta yake sha a dare?" Ya ce huɗu. Kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Lita huɗu kullum ya zama naira 120,000 a wata, ban da baƙin mai da kuɗin makanike. A ganina da wannan lissafin sola tana biyan kanta, amma da sharaɗi. Faranti kan yi shekara 25, batir mai ruwa kuwa 'yan shekaru ne, kuma shi ne mai cin kuɗi. In ba ya cika kullum, tun kafin lokacinsa zai mutu. Ashe tantabarar da ke kan kwano batir ɗin da ke cikin falo take ci.

Yanzu ba na saukowa daga rufi sai na zagaye farantai da ragar ƙarfe, da maƙalai nake kama ta, ba na huda firam. Kowace waya cikin fayif, kowane rami a toshe, har kafofin da waya ke shiga inbata, don tsaka kan shige ta haɗa wuta. Wanki kuma da sassafe ne, kafin gilashi ya ɗau zafi.

Batir ɗaya bai farfaɗo ba, sai da aka sauya duka biyun, don ba a haɗa sabo da tsoho. Maigidana ya ɗauki rabin kuɗin, ya riƙa cirewa a sallamata har bayan babbar salla.