Yadda na gano abin da ke sa wata Hiace zafi a hawan Ngaundare

Duk wanda ya yi aikin gareji a Garwa, a arewacin Kamaru, ya san cewa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, babu ƙorafin da ke yawan shigo mana kamar na zafin inji. Abin da shekarun aiki suka koya mini shi ne kada in kwance ko ƙusa ɗaya sai na tambayi direba lokacin da allurar zafi take tashi, domin amsarsa ita ce rabin binciken. Motar da ke zafi a tsaye ko a cunkoson kasuwa, ta huce idan ta hau kwalta, iska ce ba ta isar ta, kuma fanka ake tuhuma. Wadda ke lafiya a cikin gari amma ta tafasa a gudu ko a hawa, ruwanta ne ba ya zagayawa yadda ya kamata.

Da wannan tambaya na tarbi wani Alhaji da ya kawo Hiace mai injin dizal, wadda ke jigila tsakanin Garwa da Ngaundare. Ya ce, "Malam, an gaya mini gasket ne ya ƙone, ka faɗi kuɗin aiki kawai." Gasket ɗin da yake nufi shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai hana ruwa da baƙin mai da hayaƙi haɗuwa. Direban motar kuwa ya ce motar ba ta taɓa ba shi wahala a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba, sai an wuce Mbe an fara hawan dutsen nan da ke kai mutum tudun Adamawa, inda Ngaundare take sama da mita 1,000 bisa teku. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri in duba tukuna, kwance kan inji ba ƙaramin kuɗi ba ne."

Na bari injin ya huce sarai kafin in taɓa murfin lagireto, wato inda iska ke sanyaya ruwan inji, saboda murfin yana riƙe matsi na kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), wanda ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120, kuma wanda ya buɗe shi da zafi tafasasshen ruwa zai wanke masa fuska. Na cika ruwa, na tayar da mota, na zuba ido a bakin lagireto: babu kumfa mai tasowa a jere. Baƙin mai bai koma launin shayi da madara ba, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi, ruwa kuma ba ya raguwa idan mota ta kwana. Gasket bai da laifi. Fanbel a ɗaure yake, tiyo babu yoyo, famfon ruwa ba ya ɗiga.

Da na buɗe gidan tamostat, wato ƙaramin bawul da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗau zafi, sai na tarar da gidan wayam, an riga an cire tamostat ɗin. Wannan al'ada ta yaɗu a garejinmu, kuma ban yarda da ita ba. Tamostat na irin wannan inji yana buɗewa a wajen digiri 82, kuma idan ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. Idan aka cire shi, wani kason ruwan zafi yana ta kewayawa a ciki bai ga iska ba. Mai shakkar tamostat ya jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta ya ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Asalin cutar a lagireto take. Bayan injin ya ɗumama na kashe shi, na bi jikin lagireton da tafin hannu, sai na ji gefe da gefe da zafi, tsakiya kuwa da sanyi. Mai gyaran lagireto ya cire tankin sama, muka ga bakunan bututu da yawa sun toshe da farin dasashi mai tauri haɗe da tsatsa, irin wanda ruwan rijiya da na burtsatse ke bari idan an daɗe ana zuba su. Daga waje kuma ƙura da zaren auduga sun manne a tsakanin ganyayyakin, har hasken tocila ba ya ratsawa. A cikin gari bututun da suka rage suna isa, amma a hawa da cikakken lodi injin yana haifar da zafin da ya fi ƙarfinsu.

An tsefe bututun ɗaya bayan ɗaya, na wanke hanyoyin ruwa, na mayar da sabon tamostat da sabon murfi, na zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, na fitar da iskar da ta maƙale. Na gargaɗi direban cewa idan allura ta sake tashi a hanya ya tsaya ya jira, kada ya kwara wa inji ruwan sanyi, domin haka ne kan inji ke lanƙwashewa ko ya tsage. Da suka dawo daga Ngaundare ya ce allura ba ta wuce tsakiya ba. Na dai shaida wa Alhaji cewa kulocin fanka, wanda ke riƙe fanka ta juya da ƙarfi idan inji ya yi zafi, ya fara saki, yana juyawa da sauƙi ko da inji na da zafi, don haka a sauya shi kafin bazara mai zuwa.